Jiragen Yaƙin Birtaniya na Zamanin Iska a Hannun Masu Zane da Marubuta

Masu zanen da suka fara fito da rundunar ruwan Ingila cikin kwarjininta 'yan Holand ne, uba da ɗa, kowannensu sunansa Willem van de Velde. Sun ƙaura zuwa Ingila a hunturun 1672 zuwa 1673, daidai lokacin da ƙasarsu ke gwabza yaƙi da ita a teku. Shekara biyar kafin nan, a 1667, mayaƙan Holand sun kutsa har cikin kogin Medway, suka ƙone jirage, suka ja babban jirgin sarki mai suna Royal Charles zuwa gida, kuma tambarin da ke bayansa yana gidan tarihi na Amsterdam har yau. Duk wannan bai hana Sarki Charles na Biyu karɓar mutanen biyu hannu bibbiyu ba. Ya ba su ɗakin aiki a Greenwich, ya yanka wa kowannensu fam 100 a shekara: uban ya riƙa zayyana yaƙe-yaƙen teku, ɗan kuma ya sa musu launi. Uban ba daga gida yake ƙago abin ba. Tun yana yi wa Holand aiki yakan shiga ɗan ƙaramin jirgi ya bi rundunar, ana harbe-harbe yana zane. Shi ya sa masu binciken tarihi har gobe suke ƙirga igwa da igiyoyi a zanensa su yarda da lissafin.

To amma kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Sarki ne ke biya, daga baya manyan hafsoshi da attajirai, kuma abin da suke so su rataya a bango shi ne jirgi ya buɗe ƙyallayensa iska ta cika su, tuta na kaɗawa, na abokin gaba yana ci da wuta can gefe. Mai zanen fada kamar maroƙin fada yake, ba a ji daga bakinsa ranar da ubangidansa ya ari ta kare. Wannan salo ya kai ƙololuwa a babban zauren gidan kula da tsofaffin sojan ruwa na Greenwich, wanda James Thornhill ya kwashe daga 1707 zuwa 1726 yana zana rufinsa da bangayensa, sarakuna a sama, jirage da ganima a ƙasa. An gina shi ne don tsofaffin su riƙa cin abinci a ciki, amma da aka gama sai aka ga ya fi ƙarfinsu, aka mai da su ɗakunan ƙasa.

Wanda ya fara ɗaga murfin ya nuna wa masu karatu cikin jirgin shi ne Tobias Smollett, ɗan Sikotlan, wanda ya yi aikin mataimakin likita a yaƙin da Birtaniya ta kai Cartagena, a Kolombiya ta yau, a 1741. Harin ya watse, kuma zazzaɓin shawara da atuni sun kashe mutane fiye da harsashi nesa ba kusa ba. A 1748 ya fitar da ƙagaggen labarinsa, Roderick Random. A ciki 'yan kamen dole sun cafke jarumin a bakin kogi, suka fasa masa kai, suka jefa shi jirgi. Smollett ya kai mai karatu ɗakin majiyyata da ke can ƙasa, inda aka jera mutum wajen hamsin a gadajen lilo na zane, kowa rabonsa inci 14, ba iska ba haske, wari kuwa sai wanda ya shaƙa. Mai jinya sai ya yi rarrafe ta ƙarƙashinsu ya ɓullo da kai tsakanin biyu kafin ya ba mutum magani. Sai kyaftin ya rantse ba marar lafiya a jirginsa, ya sa a fito da su duka sarari a duba, wasu suka cika kafin a kai su, wasu aka kora su hawan igiya suka faɗa teku. Smollett yana da ƙarin gishiri, kowa ya sani, amma inci 14 ɗin ƙa'idar runduna ce ta gaske. A tafiyar George Anson ta zagaya duniya, daga 1740 zuwa 1744, mutum kusan 1,900 suka tashi, wajen 1,400 suka mutu, akasarinsu da ciwon rashin ɗanyen abinci, wanda ke kumbura dasashi, haƙora su zube, tsohon tabo ya sake buɗewa. Sai a 1795 runduna ta fara raba ruwan lemon tsami a kai a kai. A yaƙe-yaƙen da aka yi da Faransa daga 1793 zuwa 1815, waɗanda abokin gaba ya kashe ba su kai ɗaya cikin goma na mamatan rundunar ba, saura duk cuta ce da haɗari da nutsewar jirgi. Ka zaga gidajen zane na Landan ka nemi hoton wannan, za ka sha wuya.

A cikin waɗanda suka rubuta daga ƙasan jirgi akwai baƙar fata, Olaudah Equiano, wanda ya ce a ƙasar Ibo aka haife shi. Wani hafsan ruwa, Michael Pascal, ya saye shi yana yaro, ya shiga da shi Yaƙin Shekara Bakwai. A Agustan 1759 yana cikin jirgin Namur a yaƙin Lagos (ta ƙasar Fotugal, ba Legas tamu ba), aikinsa ɗauko albarushi daga rumbu ya ruga da shi bakin igwa, aikin da akan ba yara domin sun fi saurin kurɗawa. Ya ba da labarin yadda tarkacen katako ke tashi ta ko'ina, da yadda ya fara laɓewa yana jira abokin gaba ya gama harbi kafin ya fito, har ya ga dabarar ba ta da amfani. Ya ɗauka hidimar da ya yi wa sarki ta 'yanta shi. A ƙarshen 1762 Pascal ya sayar da shi ga wani kyaftin mai zuwa Karibiya, ya kuma riƙe kuɗin ganimarsa. Sai a 1766 ya fanshi kansa da fam 40. Littafin rayuwarsa ya fito a 1789, shekarar da ma'aikatan jirgin Bounty suka yi wa kyaftinsu William Bligh tawaye. An yi wa wannan tawaye finafinai a 1935 da 1962 da 1984, amma da wuya mai kallo ya tashi da sanin cewa aiken jirgin shi ne ɗauko dashen wata bishiya daga Tahiti don a samu abinci mai arha na ciyar da bayi a gonakin rake.

Masu zanen barkwanci su ma ba su rufa wa runduna asiri ba. A 1779 James Gillray ya zana 'yan kame da kulake suna jan wani ramammen tela, mata na dukansu, ya kuma yi wa zanen laƙabi da 'yancin ɗan ƙasa, don gatse. A 1797 tura ta kai bango: ma'aikatan jirage suka yi bore a Spithead da Nore, domin albashinsu bai motsa ba fiye da shekara 140. Na Spithead sun samu ƙari da afuwa. Na Nore an murƙushe su, aka rataye jagoransu Richard Parker da wasu. A wannan shekara ce labarin da Ba'amurke Herman Melville ya rubuta daga baya ke faruwa, labarin Billy Budd, matashin da aka rataye domin kyaftin yana tsoron kada sassauci ya haifi wani boren. Littafin bai fito ba sai 1924, marubucin ya daɗe a ƙasa.

Sai yaƙin Trafalgar, ranar 21 ga Oktoban 1805. Jiragen Birtaniya 27 suka tari 33 na Faransa da Sifaniya, ba su rasa ko ɗaya ba, amma wani maharbi daga saman jirgin Redoutable ya samu kwamandan rundunar Birtaniya, Horatio Nelson, a kafaɗa, harsashin ya wuce zuwa ƙashin baya. Aka sauke shi can ƙasan jirginsa, Victory, inda likita William Beatty ke yanke hannuwa da ƙafafu da hasken fitila, ya yi wajen awa uku kafin ya cika. Aka sa gawar a gangar barasa don kada ta lalace a hanya, aka ajiye ta a zauren nan na Thornhill jama'a suka yi ban kwana, aka binne shi a majami'ar St Paul ranar 9 ga Janairun 1806.

Nan masu zane biyu suka rabu hanya, kuma rabuwar tasu ita ce ta dukan wannan tarihi. Benjamin West, shugaban masu zane na ƙasar a zamaninsa, ya gama nasa a 1806. Ya kwantar da Nelson a sararin saman jirgi, rana na haskawa, hafsoshi da mayaƙa fiye da hamsin sun kewaye shi, yaƙi na ci a baya. West ya san ba haka aka yi ba, kuma bai ɓoye ba: a ganinsa gwarzo ba ya mutuwa a wani lungu kamar majiyyaci, kuma yaron da ya kalli zanen ya kamata ya ji jininsa ya motsa. Dubban mutane suka yi layi a gidansa. Arthur William Devis kuwa, wanda bashi ya yi wa katutu, ya tafi ya hau Victory da ta dawo, ya zauna makonni yana zana lungun da fuskokin waɗanda suka halarta. Nasa ya fito a 1807: duhu, fitilu, Nelson an tuɓe masa riga yana kishingiɗe, limamin jirgin yana shafa masa ƙirji, Beatty na riƙe da tsintsiyar hannunsa. Duk da haka shi ma ya ɗaga rufin ya fi yadda yake, don mutane su tsaya miƙe, ya shigo da Kyaftin Hardy wanda yana sama lokacin fitar rai, ya kuma zubo wa mamacin haske irin wanda masu zanen coci ke zubo wa waliyyansu. Wanda ya je neman gaskiya ke nan. Ƙyallen rufe ido da ake maƙala wa Nelson a hotunan baya ma ƙari ne. Idonsa na dama ya daina gani tun 1794, hannun dama an yanke shi a 1797, amma bai taɓa ɗaure ido ba.

J. M. W. Turner ya fi kowa shan suka daga mutanen teku. Sarki George na Huɗu ya sa shi zana Trafalgar don fadar St James, aikin sarauta ɗaya tilo da ya taɓa samu, ya yi shi daga 1822 zuwa 1824. Sai ya tattara abin da ya faru a sa'o'i daban-daban ya zuba a allo guda: tutocin saƙon Nelson na kafin azahar, jirgin Faransa mai ci da wuta na la'asar, nutsewar Redoutable ta washegari. A gaba kuma, inda ido ke fara sauka, ya cika ruwan da mutane masu neman ceto, wasu sun riga sun mutu. Hafsoshi suka yi caa, wannan ya ce igiya kaza ba nan take ba, wancan ya ce jirgin ya yi tsawo a kan ruwa. A 1829 aka kwashe zanen daga fada aka kai Greenwich. A ganina ba igiyoyin ne kaɗai suka dame su ba. Turner ya sa gawarwaki tsakanin mai kallo da nasara, kuma ba abin da aka biya shi ya yi ke nan ba.

Shekara goma bayan haka ya yi zanen da ya fi kowane gyara gaskiya, kuma shi ne aka fi ƙauna. Temeraire jirgi ne mai igwa 98, an sauke shi ruwa a 1798, shi ya biyo bayan Victory a Trafalgar ya kawo mata ɗauki. A 1838 aka sayar da shi ga mai fasa tsofaffin jirage a kan fam 5,530, aka jawo shi daga Sheerness zuwa Rotherhithe. A ranar ba shi da ginshiƙan ƙyalle ko ɗaya, an riga an cire, ba igwa, kuma jiragen tururi biyu ne suka ja shi. Turner ya mayar masa da ginshiƙansa, ya yi shi fari fat da ratsin zinariya, ya bar jirgin tururi ɗaya, baƙi, gajere, yana aman wuta da hayaƙi. Ya kuma ajiye rana tana faɗuwa a bayansu, alhali yamma suka dosa. Ya nuna shi a 1839, ya ƙi sayarwa, ya bar wa ƙasa. A 2005 masu sauraron BBC suka zaɓe shi zanen da ya fi kowane a Birtaniya, kuma tun 2020 yana bayan takardar fam 20. Daga wannan zane zuwa yau, kusan duk abin da aka yi a kan jiragen iska begen abin da ya wuce ne.

Marubuta sun ɗan fi masu zane sakin baki, musamman a maganar kuɗi. Jane Austen tana da 'yan'uwa biyu a runduna, Francis da Charles, dukansu sun kai muƙamin admiral. Francis ya rasa Trafalgar domin an aiki jirginsa ɗebo ruwa da guzuri, abin ya tsaya masa a rai. A littafinta Persuasion, wanda ya fito a ƙarshen 1817, ba a harba igwa ko sau ɗaya. Abin da muke gani shi ne saurayin da aka hana wa yarinya don ba shi da ko sisi ya dawo bayan shekara takwas da fam 25,000 na ganima, da kuma uban yarinyar, mai sarautar gado da bashi har wuya, yana ƙorafin cewa aikin teku na ɗaukaka 'ya'yan da ba a san iyayensu ba, yana kuma tsofar da fuska. Austen ta fahimci abin da zanen bango ke ɓoyewa: jirgin da aka kama ana sayar da shi ne a raba. Rabon kuwa na kura ne. Da aka ci Havana a 1762, admiral ya tashi da fiye da fam 122,000, ƙaramin ma'aikaci bai samu fam 4 cikakku ba.

Frederick Marryat shi ya kafa labarin teku a matsayin fanni. Ya shiga runduna a 1806 yana ɗan shekara 14, ƙarƙashin Thomas Cochrane, kyaftin ɗin da a 1801 ya ɗauki ɗan jirginsa Speedy mai igwa 14 da mutum 54 ya kame El Gamo na Sifaniya mai igwa 32 da mutum fiye da 300. A Mr Midshipman Easy na 1836 Marryat ya saka Mesty, ɗan sarautar Asante da aka bautar, wanda ya fi jarumin hankali da dabara kuma yake ta fid da shi daga halaka, amma marubucin bai daina mai da shi abin dariya ba. Mahaifin Marryat kuwa mai gonakin bayi ne, kuma ya kare bauta a majalisa. A 1836 ɗin ne wani tsohon ƙaramin ma'aikaci da ya yi Trafalgar, William Robinson, ya buga nasa labarin da sunan aro, cike da bulala da gudun aiki. Marryat aka yi ta bugawa.

Bayan ƙarni guda Cochrane ya sake dawowa da wasu sunaye. C. S. Forester ya fito da Hornblower a 1937, hafsa mai shakkar kansa, mai amai in teku ta motsa, kuma Yaƙin Duniya na Biyu ya mai da shi kayan aiki: Churchill ya karanta shi a jirgi kan hanyar ganawa da Roosevelt a 1941, shekarar da fim ɗin soyayyar Nelson da Emma Hamilton ya fito, inda kowa ya gane Napoleon na nufin Hitila. Patrick O'Brian ya buɗe jerinsa a 1969 da yaƙin Speedy ɗin nan, ya sauya sunaye kawai, ya kammala littattafai 20 kafin rasuwarsa a 2000. Ya fi kowa sanin abincin jirgi da magungunansa da yadda mutum ɗari biyu ke zama a wuri ɗaya ba su kashe juna ba, kuma hotonsa ya yi kusa da na masanin tarihi N. A. M. Rodger, wanda a 1986 ya nuna cewa jirgin ba kurkuku ne tsantsa ba, ma'aikaci yakan ci nama fiye da ɗan'uwansa na tudu. Da aka mai da labarin fim a 2003, abokin gaba da ke Ba'amurke a littafi sai ya rikiɗe ya zama Bafaranshe, saboda kasuwa.

Baƙaƙen fata suna cikin manyan zanen, amma a gefe. Rajistar Victory ta nuna mutane daga ƙasashe wajen 20, har da haifaffun Afirka da Karibiya. A tagullar da ke gindin hasumiyar Nelson a Landan akwai baƙin mayaƙi riƙe da bindiga, a babban zanen Daniel Maclise na majalisa, wanda ya gama a 1865, akwai wani yana nuna inda harbin ya fito. Ba wanda aka rubuta sunansa.

Aikin da ya fi shafar yankinmu shi ne wanda aka fi ƙarancin zanawa. Rundunar da ta daɗe tana gadin tsibiran rake da hanyoyin fataken bayi ita aka tura gaɓar Afirka ta Yamma daga 1808, bayan dokar 1807 da ta haramta fataucin bayi, ta riƙa tare jiragen bayi. A cikin shekara kusan 60 ta kama jirage wajen 1,600, ta sauke mutum kimanin 150,000, da yawansu a Freetown ta Saliyo. Hafsoshi ba sa son aikin, zazzaɓi ya yi yawa, suna kuma kaɗan. O'Brian sai a littafi na 17 ya kai jarumansa can, kuma zango ne kan hanyar zuwa karo da Faransawa. Zanen da aka fi sani shi ne na Black Joke, tsohon jirgin bayi da aka kama aka juya shi kan 'yan'uwansa, yana kama El Almirante a 1829 bayan bin sawu na awa 31. Jirage biyu ne da hayaƙi. Mutum 466 da ke ƙasan na biyun ba sa cikin hoton.

Labarinsu ya fito ta wata ƙofa. Ali Eisami, ɗan malami daga Barno, an kama shi a hargitsin zamanin jihadi, aka yi ta sayar da shi ta ƙasar Hausa da Borgu har ƙasar Yarbawa, daga nan bakin teku. Jirgin yaƙin Birtaniya ya tare wanda ya ɗauko shi, aka sauke shi Freetown a 1818. Shekaru talatin bayan haka ya zauna da Bajamushen mishan Sigismund Koelle ya ba shi tarihinsa da Barbarci, aka buga a 1854, kuma yana cikin 'yan bayanan da ke nuna jirgin yaƙin daga idon wanda ke ɗaure a cikin jirgin da ake bi. Samuel Ajayi Crowther ma haka aka sauke shi a 1822. A garin kuma akwai Hausawa da aka kuɓutar ta wannan hanya, kuma daga bakinsu James Frederick Schön ya tattara kalmomin da ya buga a 1843, ɗaya daga cikin littattafan farko na Hausa a rubutun boko.